Yadda Turanci ke faɗin babban mamaki: fashin baƙi a kan kalmar "astonish" da danginta

A cikin kalmomin Turanci da ke wahalar da 'ya'yanmu a nan Legas akwai wani gungu da ba kasafai malamai ke zama su warware shi ba, wato kalmomin aikatau da ake amfani da su idan wani abu ya jefa mutum cikin babban mamaki. Wadda zan ɗauka a matsayin jigo ita ce "astonish". Kowane ƙamus zai gaya maka ma'anarta: a ba mutum mamaki matuƙa, irin mamakin da zai sa ya kasa gaskata abin da idonsa ya gani ko kunnensa ya ji. Ma'anar ba ta da wuya, yaron ƙaramar sakandare ma zai haddace ta nan take. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen saka kalmar a jimla. Wa ke zuwa gabanta, wa ke zuwa bayanta, wace ƙaramar kalma ce ke yi mata rakiya, kuma a wane zama ta dace?

Abin ya fi tsanani a Legas saboda Bahaushen da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ko Alaba Rago ba da harshe ɗaya yake wuni ba. A gida Hausa, a cikin motar haya ta danfo da kasuwa buroka, wato Pidgin, da ɗan Yarbanci, a takardar banki da ɗakin jarrabawa kuma Turancin makaranta. Kunnen yaro ya fi sabawa da buroka, don haka idan ya zo rubuta Turancin makaranta sai ya ɗauko ginin buroka ya jera masa manyan kalmomi. Abin da nake son nunawa shi ne, a wannan gaɓa, Hausar da yaron ya baro a gida ta fi buroka kusa da Turancin da ake nema a wurinsa. Iyaye da yawa sun ɗauka Hausa ce ke ja wa yaransu baya a Turanci, har wasu suna hana yin ta a gida. Wannan yana damuna ƙwarai, domin yaron da ya iya Hausa da kyau yana riƙe da makullin wannan darasi tun kafin ya shiga aji.

Mu fara da alƙiblar kalmar. Ba mai mamaki ne ke aikata "astonish" ba, abin mamakin ne ke aikata ta a kan mutum. A yaren masu nahawu, abin da ya jawo mamakin shi ne aikau, mutumin da mamakin ya kama shi ne karɓau. Idan dillalin tumatir a Mile 12 ya iso kasuwa da asuba ya tarar kuɗin kwando ya ninka, jimlarsa ta Turanci ita ce "The price astonished me". Farashin ne a gaba, shi yana baya. Haka Hausa ma take jera su: farashin ya ba ni mamaki.

Kuskuren da ake yawan gani a rubutun ɗalibai shi ne "I astonished when I heard the price". Mai rubutun yana nufin ya yi mamaki da ya ji farashin. Wanda ya san Turanci kuwa zai tsaya yana jiran ragowar magana, domin abin da aka gaya masa shi ne wai mai rubutun ya ba wani mamaki, kuma ba a faɗi ko wane ne ba. Kalmar Hausa da ta fi kowace fito da wannan fili ita ce burge. Muna cewa wasan ya burge ni, ko yaron ya burge malaminsa. Babu Bahaushen da zai ce na burge yana nufin abin ya ƙayatar da shi. Da ka ce na burge, tambayar da za ta biyo baya ita ce, wa ka burge? To haka "astonish" take, haka kuma "amaze" da "astound" da "surprise" da "shock" da "stun" suke. Dukansu ginin burge gare su. Ko a 'yan wuraren da marubuta ke barin kalmar ba karɓau, kamar "his talent continues to astonish", abin mamakin ne dai ke zaune a gaba, mai mamakin ne aka ɓoye. Da ni ne ke koyar da darasin yamma a Agege, da burge zan fara, kafin in taɓa allo da kalmar Turanci ko ɗaya.

To idan mutum yana son ya sa kansa a farkon jimla fa? A nan Turanci yake juya kalmar. Yana sa mata "am" ko "was" ko "were" a gaba, ya liƙa mata ɗafa-ƙeyar "-ed" a baya, sai a samu "I was astonished when I heard the price". Wannan 'yar "was" ɗin ita ce ke faɗuwa daga rubutun yaranmu, alhali a kanta ma'anar duka ta rataya. Mu ma muna da irin wannan juyi. Labarin ya kaɗa ni, na kaɗu. Wasalin u da ke ƙarshen kaɗu shi ke shaida cewa ni abin ya auka wa, ba ni na aikata ba. Aikin da wasalin nan yake yi shi kaɗai a Hausa, shi "was" da "-ed" suke haɗuwa su yi a Turanci. Duk yaron da ya san bambancin na kaɗa da na kaɗu ya san bambancin "I shocked" da "I was shocked", saura kawai a nuna masa cewa ya sani. Inda Hausa za ta ɗan iya ruɗa shi shi ne irin su firgita, da muke cewa ya firgita ni, mu kuma ce na firgita. A rubuce kalma ɗaya ce, karin sauti ne ya raba su a baki. Turanci ba shi da wannan hanya, sai ya ƙara kalma.

Asalin kuskuren dai daga buroka yake. A buroka ana cewa "I surprise say you come", ana cewa "I shock". Waɗannan jimloli ba su da aibi ko kaɗan a inda suke, domin buroka harshe ne mai nahawunsa, kuma a nahawunsa ba a bukatar "was" a wannan wuri. Tun 2017 BBC ta buɗe sashen buroka a nan Legas. Turancin Najeriya ma yana samun karɓuwa, don a watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmominmu irin su danfo da okada da Kannywood. Ba na cikin masu raina harshen da miliyoyin mutane ke ciniki da zumunci da shi. Sai dai mai duba takardar WAEC da mai ɗaukar ma'aikata a Ikeja ko Victoria Island da Turancin makaranta suke awo, kuma a can "I surprise" kuskure ne. Abin lura ma shi ne, buroka tana da ɗaya ginin. Tambayar nan da samari ke jefa wa juna, "E shock you?", ta sa abin mamakin a gaba da mutum a baya, daidai da yadda Turancin makaranta da Hausa suke yi.

Daga aikatau ɗin nan ake fitar da sifofi biyu, kuma su ma ana yawan cakuɗa su. "Astonishing" sifar abin da ya ba da mamaki ce, wato mai ban mamaki. "Astonished" sifar wanda mamakin ya kama ce. Lokacin da Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 na tsallake shinge a birnin Eugene na Amurka a watan Yulin 2022, da daƙiƙa 12.12, gudun nata "astonishing" ne, mu 'yan kallo kuma "astonished" muke. Wanda ya rubuta "I am astonishing" ya ce shi kansa abin al'ajabi ne, ko da kuwa ba haka ya nufa ba. Wannan doka ba ta tsaya a mamaki ba, ita ce ta raba "bored" da "boring", da "interested" da "interesting", da "confused" da "confusing", da "disappointed" da "disappointing". Ɗalibar da ta ce wa malamarta "I am boring" tana nufin darasin ya gundure ta, amma abin da ta faɗa shi ne ita ce mai gundurar mutane. Gundura ma, in ka duba, ginin burge gare ta.

Tarihin kalmar yana taimakawa wajen jin nauyinta. Tushenta kalmar Latin ce, "tonare", wato yin tsawa. Daga nan ta shiga tsohon Faransanci a matsayin "estoner". Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a a ƙasar na tsawon ɗaruruwan shekaru, kalmomi masu ɗimbin yawa suka kwarara cikin Turanci, har da wannan. Da farko siffofinta su ne "astone" da "astony", sai a ƙarni na 16 aka samu "astonish" da muka sani yau. "Astound" da "stun" ma daga wannan tsatso suka fito. A wancan zamani ma'anar ta fi ta yanzu nauyi nesa ba kusa ba, don tana nufin a buge mutum har ya fita hayyacinsa, kamar wanda tsawa ta faɗa wa. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tunani. Mu ma muna cewa labari ya zo wa mutum kamar saukar aradu, muna cewa ya yi suman tsaye. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke neman abinci a Legas, mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda suka yi boko a cikinsu sun san jikanyar wannan kalma a Faransancin yau, "étonner", kuma ita ma tana raba "étonnant" mai ban mamaki da "étonné" wanda ya yi mamaki.

Yawan amfani yana rage wa kalma kaifi, kuma haka ya faru da dangin nan duka. Sumewa ta koma mamaki, a wasu ma mamakin ya koma yabo kawai. "Stunning" a bakin mai Turancin yau yawanci kyau take nufi, a ce amarya ko gini ko ƙwallon da aka zura a raga "stunning" ne. Bahaushe ma yakan ce abu yana da masifar kyau ko bala'in daɗi, ba tare da masifa ko bala'i sun zo masa a rai ba.

Yanzu sai dangin, domin ƙamus yakan jera su wuri ɗaya kamar kowace za ta iya zama a kujerar 'yar'uwarta, alhali ba haka ba ne.

"Surprise" ita ce ta yau da kullum, kuma ta fi sauran sauƙi. Ainihinta ba-zata ne. Ita ma daga Faransanci ta zo, kuma tun asali tana da alaƙa da mamayar abokan gaba a yaƙi, shi ya sa har gobe ake cewa "taken by surprise" ga wanda aka shammata. Tana karɓar ƙari da ragi, mutum zai iya zama "a little surprised" ko "very surprised" ko "pleasantly surprised". Ita ce kuma ake ɗauka idan an shirya wa mutum abin alheri a ɓoye, kamar ɗan da ya biya wa mahaifiyarsa kujerar Makka bai gaya mata ba. Idan kana shakkar wadda za ka ɗauka a hira, ɗauki "surprise", da wuya ta ba ka kunya. "Astonish" tana sama da ita a nauyi, kuma an fi ganinta a rubuce fiye da jin ta a baki. Ba ta karkata ga daɗi ko ɗaci, abin kirki zai iya "astonish" ɗinka, abin assha ma haka. "Astound" ta ɗan ɗara ta nauyi, ita ma ta rubutu ce.

Inda nake so mai karatu ya fi tsayawa shi ne tsakanin "amaze" da "shock", saboda a nan kuskure yake taɓa zumunci. "Amaze" tsohuwar kalmar Turanci ce tun kafin zuwan Normandawa, kuma da can ruɗewa take nufi. A yau ta fi karkata ga mamaki mai haɗe da sha'awa, kusa da burgewa. "Amazing" kuwa ta zama kalmar yabo ta kowa da kowa, abinci "amazing", tafiya "amazing", har ta kusa rasa mamakin da ke cikinta. Ana iya jin "It amazes me that" a bakin mai ƙorafi, amma wannan gini ne na musamman. "Shock" ita ce kaɗuwa. Tana tafiya da mummunan labari, hatsari, gobara, rushewar gini, mutuwar farat ɗaya. Ita ce kalmar da ake faɗa idan lantarki ya ja mutum, ita ce kuma likitoci ke kiran halin da jiki ke shiga idan jini ya zuba da yawa.

A Legas muna zaune gida ɗaya da Yarbawa da Ibo da sauran ƙabilu, kuma saƙon ta'aziyya tsakaninmu sau da yawa da Turanci yake tafiya. Ka ɗauka maƙwabcinka ya rasa ƙaninsa a hatsarin mota, kai kuma da zuciya ɗaya ka tura masa "I was amazed to hear of your brother's death". Niyyarka ka ce ka kaɗu, amma kalmar da ka zaɓa tana ɗauke da ƙamshin sha'awa, kuma mai makoki zai ji wani iri ko da bai faɗa ba. Abin da ake cewa shi ne "I was shocked and saddened to hear". Idan kuma mamacin dattijo ne da ya daɗe yana jinya, "shocked" ma ba ta cika dacewa ba, "I was very sorry to hear" ta wadatar. "Astonished" ba ta da gurbi a ta'aziyya sam. A Hausa babu wanda zai shiga zauren makoki ya ce Alhaji, rasuwar nan ta burge ni, ko ya ce ta ƙayatar da shi. Mun san na kaɗu daban, jikina ya yi sanyi daban, abin ya ɗaure mini kai daban, na riƙe baki daban. Wannan tacewar da muke yi a harshenmu ba tare da tunani ba, ita ake bukatar mu ɗauka mu shiga da ita Turanci. A kuma kiyaye da "shocking", don ba yabo ba ce. A bakin mutanen Birtaniya ma takan nufi abu ya yi muni ƙwarai, kamar a ce wasan ƙungiya "shocking" ne, wato sun yi abin kunya.

"Stun" kuwa masu zuwa gidan kallon ƙwallo sun fi kowa saninta, don 'yan jarida suna sonta saboda gajartarta, tana shiga kanun labari ba tare da cin wuri ba. Ranar 22 ga Nuwamban 2022, da Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2 da 1 a filin Lusail na Ƙatar, kanun da ya cika jaridun Turanci shi ne irin "Saudi Arabia stun Argentina". Ita ce kalmar da ta dace da abin da Senegal ta yi wa Faransa mai riƙe da kofi a wasan buɗe gasar 2002, da abin da Najeriya ta yi wa Brazil a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, lokacin da ta farfaɗo daga ci 3 da 1 ta yi nasara da 4 da 3. Abu biyu za a lura da su a irin wannan kanu. Ana rubuta shi kamar yanzu abin ke faruwa ko da jiya ya faru, wannan al'adar kanun labari ce. Sannan 'yan jaridar Birtaniya suna ɗaukar ƙungiya a matsayin jam'i su ce "stun", na Amurka kuma su ɗauke ta tilo su ce "stuns". Har yanzu "stun" tana riƙe da tsohuwar ma'anarta ta a buge mutum ya gigice, ita kaɗai ce a dangin ba ta saki wannan gado ba.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. "Startle" firgita ce ta ɗan lokaci, irin wadda ke kama ka idan direban danfo ya danna hon a bayanka. "Dumbfounded" shi ne wanda mamaki ya hana magana. "Staggering" an fi jinta tare da kuɗi da alƙaluma masu yawan gaske. "Gobsmacked" ta titin Birtaniya ce, "gob" baki ke nan a yarensu na kan hanya. Sai "flabbergasted", wadda 'yan Najeriya ke ƙauna saboda tsawonta da cika baki, har ana ɗaukarta a matsayin babban Turanci. Tsohuwa ce kam, an ambace ta a rubuce tun 1772 a matsayin sabuwar kalmar yayi, amma a wurin masu harshen ta hira ce, tana ma da ɗan raha a cikinta. Ba ta dace da takardar neman aiki ko wasiƙar ofis ba.

Ƙananan kalmomin da ke bin "astonished" ba su da yawa. Ana cewa "astonished at" ko "astonished by" idan suna ne zai biyo, kamar "astonished by the crowd". Ana cewa "astonished to" sai aikatau irin na gani da ji da ganowa, "to see", "to hear", "to learn", "to find". Ana cewa "astonished that" sai cikakkiyar jimla. A wannan wuri kam Hausa tana iya jan mu zuwa kuskure, saboda yawan kalmar "da" a bakinmu yana sa ɗalibi ya rubuta "astonished with", wani kuma ya ce "astonished of" ko "astonished for". Duka ukun a bar su. Akwai kuma gini mai fara wa da "it", wato "It astonishes me that", daidai da yadda muke cewa abin yana ba ni mamaki yadda kaza da kaza. Sunan da ke fitowa daga kalmar shi ne "astonishment", ana cewa "to my astonishment" a farkon jimla, ko "she looked at him in astonishment". Bayanau kuma "astonishingly", kamar "astonishingly cheap" ga kaya mai arahar ban mamaki.

Kalmar "very" ba ta cika zama da "astonished" ba. Dalili shi ne kalmar ta riga ta kai maƙura, matuƙar tana cikinta. Masu harshen sun fi cewa "absolutely astonished" ko "utterly astonished" ko "truly astonished", su bar "very" ga "surprised". Za a gane ka idan ka ce "very astonished", amma kunnen da ya saba zai ji ta bambaraƙwai. Hausa ma tana da irin wannan zaɓen abokin tafiya: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. Babu dokar hankali da ta hana fari ƙirin, sabo ne na harshe, kuma da sabo ake koyonsa.

Akwai wani ɓangare da ƙamus ba ya cika faɗa, shi ne zargin da kalmar kan ɗauka. Idan Bahaushe ya ce wa ƙaninsa wallahi ka ba ni mamaki, yana iya zama yabo, yana iya zama faɗa, muryar ce ke rabawa. Ba kuma kowa ake faɗa wa haka ba, yaro ba zai dubi mahaifinsa ko ubangidansa ya ce Baba ka ba ni mamaki ba sai da babban dalili. Turanci ma haka. "I am surprised at you" tsawatarwa ce, ma'anarta ban zaci haka daga gare ka ba. A wasiƙa kuwa, inda babu murya da za ta sassauta, "I was astonished to learn that" kusan kullum shimfiɗar zargi ce mai zafi. Ɗan haya a Legas da aka ƙara wa kuɗin gida ba sanarwa, idan ya rubuta wa maigidan haya "I was astonished to learn that the rent has been increased", ya gaya masa a fakaice cewa abin da ya yi ba ya kan hanya. In faɗan yake nema, to ya zaɓi kalmar da ta dace. In kuwa sassauci yake roƙo, "I was surprised to learn" ta fi barin ƙofar sulhu a buɗe. Haka ma "You astonish me" a bakin Baturen Ingila takan zama gatse, wato babu wani abin mamaki a maganarka. Wanda ke aiki da su a kamfanonin Apapa ko Ikoyi ya dubi fuskar mai maganar kafin ya yi godiya.

Saura furuci, wanda jarrabawar WAEC ke gwadawa a takardar sautukan Turanci. Nauyin murya a "astonish" yana kan gaɓa ta biyu, wato "ton", kuma a nan yake zama a "astonishing" da "astonishment" da "astonishingly", ba ya motsawa. Harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, shi ya sa muka mai da "store" sito, "steering" sitiyari. Wannan sabo yana sa wasu su cusa wasali a "stun" da "startle" da "staggering", sai an horar da baki kafin ya daina. Mafi muhimmanci shi ne ƙarshen kalmar. Ɗafa-ƙeyar "-ed" ba ta ƙara gaɓa sai idan kalmar ta ƙare da sautin t ko d. Don haka "astounded" ta samu ƙarin gaɓa a kan "astound", "flabbergasted" ma haka, amma "astonished" gaɓa uku ce kamar "astonish", ƙarshenta ɗan sautin t ne kawai. "Shocked" ma da t take ƙarewa, "amazed" da "stunned" da "surprised" kuma da d.

A nan ne wani kuskuren rubutu yake samo asali. Idan aka ce "astonished to hear" da saurin magana, t ɗin ƙarshen kalmar yana narkewa cikin t ɗin "to", kunne ba ya jin biyu. Yaron da ya koyi Turanci ta ji kawai sai ya rubuta "I was astonish to hear" ko "I was surprise to see", yana rubuta daidai abin da ya ji. Maimaita masa jimlar da ƙarfi ba zai gyara ba, domin ko a bakin masu harshen sautin ba ya fita sosai a wannan wuri. Malami ya fara ba shi kalmar a inda wasali ke biye da ita, kamar "astonished at" da "surprised at", inda t da d suke fitowa sarai, sannan ya dawo da shi kan "astonished to" ya nuna masa cewa haruffan biyu suna nan a takarda ko da kunne bai kama su ba.